Sifirin ɗin da Baba Isiyaku ya zaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai, ina kasuwar Maigatari na je mayar da sikelin awon riɗi da muka ara, Inna Hajara, matar Baba Isiyaku, ta kira ni. Ba ta taɓa kirana da kanta ba. Cewa kawai ta yi, "Kabiru, Babanka ya cika." Ya dawo daga sallar azahar, ya zauna a bencin ƙofar gareji, bai sake tashi ba. Sau uku na tambaye ta wane Baban. Da safen nan shi ya ɗaure mini sikelin a bayan babur.

Baba Isiyaku yayan mahaifina ne, mai walda a Gumel. Shekara huɗu ya yi yana haɗa wata 'yar mota mai kujera biyu, da bututun ƙarfe da injin babban babur a bayanta. Mutane suna tsayawa su yi dariya, shi kuma ya miƙa musu kujera. Da na gama karatun injiniya na dawo gida, ya ce aiki ɗaya ya rage: sifirin ɗin da zai ɗauki nauyin motar a kan kowace taya.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "in ya yi tauri, ƙashin bayana ne zai sha kowane rami. In ya yi laushi, cikinta zai share hanya daga nan har Ɗanzomo. Nemo mini tsakiya."

Na ji tsoro, kuma ban ɓoye masa ba. A makaranta in ka yi kuskure maki ake rage maka. A nan mutum ne zai zauna a kan lissafina. Muka ɗora kowace taya a sikeli. Motar ba kowa ciki, kilo 420. Shi ya hau, kilo 95. Ya ce ni ma in hau, kilo 58. Ya yi dariya har da tari, ya ce buhun riɗi ma da kaɗan na fi shi. A mota mara nauyi irin wannan, nauyin direba yana cikin lissafi, don haka na yi komai da nasa. Na gaya masa sifirin ɗin baya, in aka ɗora masa kilo hamsin, ya nutse milimita 21. Sau biyar na sake lissafin. Ya sa na rubuta da alli a ƙyauren gareji, ya sa na yi masa bayani daki-daki, shi da bai wuce aji huɗu ba. Bai taɓa jin kunyar tambayar yaro ba. Yakan ce, "Ƙarfe na sani, lamba kai ka sani. Kowa ya riƙe nasa."

Shi ya je wajen masu tsofaffin kayan mota ya zaɓo sifirin ɗin, ranar Laraba. Ban gan su ba sai bayan addu'ar uku. Na buɗe garejin, na tarar da su guda huɗu ɗaure da igiya. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na gwada su. Na ɗora wa na baya kilo hamsin, ya nutse milimita 23. Na sake, 23. Ba 21 ba. Na ce ko dai na yi kuskuren da ya gano ya rufa mini asiri, ko kuma da ya hau da abin da ba daidai ba.

Sai na juya ƙyauren. Lissafina yana nan, amma an soke 95, an rubuta 58 da hannunsa mai karkacewa. Ya bi matakan da na koya masa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ya rubuta 23. Na duba da na'urar lissafi. Daidai ne.

Na tambayi Inna Hajara. Ta ce, "Ai tun bara idonsa ba ya ganin rami sai ya faɗa. Ya hana ni faɗa. Ya ce in ka sani za ka ƙi, don kai komai sai ka ji tsoronsa. Motar nan kai ya haɗa wa."

Har yanzu ban ɗaura su ba. Kullum in na wuce bencin nan sai na ji kamar zai ce, "Injiniya, yau ma awo?" Amma zan ɗaura, in Allah ya yarda, kuma zan hau, domin wannan karon ni ne zan zauna a kan lissafinsa.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa kwanciyar kabari, ya nauyaya ma'aunin ayyukansa na alheri. Allah ya ba Inna Hajara da 'ya'yansa juriya, ya zama gatansu. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.