Ina Allinsa?

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Janairu ba, ƙarfe goma na safe, a zauren majami'armu da ke Kafanchan. Mu shida ne 'yan kwamitin ƙungiyar manoman citta, da wakilan kamfanoni biyu masu tallar manhajar rajista, sai mahaifina a bencin baya yana jira in kai shi gida. Sana'arsa sassaƙa sunaye a dutsen kabari.

Masu sayen cittarmu daga waje sun ce dole kowane buhu ya zo da shaidar gonarsa a rajistar intanet da ake kira bulokcen, wadda abin da aka shigar cikinta ba ya gogewa. In babu, za su sayi ta wasu.

Manhajar wakilin farko gwanin kyau, ka taɓa sau ɗaya an gama. Ta biyun ba ta da fasali, kuma sai ta karanto wa manomi sunansa da ƙauyensa, ya amsa, kafin ta rufe. Muka ce ɓata lokaci ne.

Sai Baba ya miƙe, ya tambayi na farkon: "Ɗana, ka ce ba ya gogewa?"

"Har abada, Baba."

"To ina allinsa?"

Aka kwashe da dariya. Shugabarmu ta ce, "Baba, ba firamare muka zo ba."

Ya ce, "Ni ban taɓa ɗora guduma a dutse ba sai na rubuta da alli, masu mamaci sun karanta sun ce haka ne."

Kunya ta kama ni, na yi masa alama ya zauna. Muka zaɓi mai saurin.

A kakar farko aka shigar da cittar wata gwauruwa daga Nok da sunan takwararta ta Kagoma. Mai saye ya ƙi buhunanta. Ta same ni ta ce, "Malam, ku goge mana." Ba halin gogewa; kafin a ƙara gyara a ƙasan abin da aka shigar, motar mai sayen ta tafi.

Baba bai taɓa yi mini gori ba. Ya rasu kafin mu koma manhaja ta biyu, kuma har yau ina son in ce masa na gane: mai sana'ar kirki yakan bar wa kuskure hanyar fita tun kafin a yi shi. Duk manhajar da aka kawo mana yanzu, allinta nake fara nema.

Ni na rubuta sunansa a nasa dutsen, da guntun allin da na samu a aljihun rigarsa. Mama ta karanta, ta ce shekarar haihuwar ba daidai ba ce. Na goge da hannu, na sake rubutawa.