Rijiyar Kawu da Watan Ƙanƙara

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe wa kowa baki, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Ina da rediyo mai batir huɗu, da sabon babur, da farin yadi kala uku, ga girman kai da ya fi ƙarfin aji ɗaya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in kama hanyar ƙauyenmu, can bayan Farin Dutse a ƙasar Gwaram, in je in raba musu ilimin da ba wanda ya roƙe ni.

Ƙauyen ba ya da ruwa da rani. Mata kan fita bayan asuba su je rafi su tona yashi, sai hantsi su dawo da tulu rabinsa laka. Kawu, wan mahaifiyata, maginin rijiya ne, har Wurno da Kiyako ana zuwa ɗaukarsa, amma ƙasarmu mai dutse ta daɗe tana ba shi kunya. Yadda yake neman ruwa shi ne, da yamma ya ɗan tona rami ya kifa ƙwarya a ciki, ya rufe bakinta da ƙasa. Da safe ya ɗaga ya shafa cikinta da yatsa. In ta yi gumi kwana uku a jere, sai ya duba inda gara ta yi suri, ya ɗanɗana ƙasar, sannan ya sa dagi. A bazarar da nake ba da labari ƙwaryar ta yi masa gumi a gindin wata kanya, ya fara gini, har ya kai gaba takwas.

A wannan tsakanin na ji labarin a rediyo. Wai an harba wani kumbo da ba kowa a cikinsa, na'ura ce zalla, ya wuce ta gefen duniyar Mushtari ya aiko da hoton ɗaya daga cikin watanninta. Watan duk ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, ta tsattsage, masana kuma suna zaton akwai ruwa a ƙarƙashinta, wataƙila har da wani abu mai rai. Ni da iyakar ƙanƙarar da na sani ita ce mai zubowa da ruwan farko ta yayyaga ganyen dawa, sai ta firjin kananzir a kantin wani Alhaji, na ɗauki labarin nan na dinga yawo da shi kamar a gidanmu aka ƙera kumbon.

Sai ga wani jami'in ruwa ya zo ƙauyen a jif, sanye da kwat cikin zafin da kaza ma ke buɗe baki. Ya zagaya da wani akwati mai wayoyi, ya kafa turke a fili kusa da ƙofar mai gari, ya ce nan injin burtsatse zai huda, manya kuma za su zo buɗewa. Da ya hango tsibin jar ƙasa a gindin kanya ya ji abin da ake yi, sai ya yamutsa fuska ya ce a rufe ramin kafin ranar, kada baƙi su ga har yanzu da hannu muke tono. Abin da ya dame shi ke nan. Bai leƙa ramin ba, bai tambayi zurfinsa ba.

Aka taru a ƙofar mai gari. Dattawan da suka sha ruwan rijiyoyin Kawu tun suna samari suka zauna suna gyaɗa kai, kowa na hango kansa a hoto kusa da manya. Kawu ya roƙi a ba shi kwana bakwai kawai, ya ce ƙasar ta fara sauya launi. Na rantse mai gari ya kusa yarda. A nan ne na miƙe, ba wanda ya kira ni. Na karkaɗe farin yadina na zuba musu labarin kumbo kaf, na ce zamanin da inji ke gano ruwa a wata duniyar ba tare da mutum ya taka ba, abin kunya ne a ce muna kifa ƙwarya. Aka yi dariya, jami'in har da tafi. Daɗi ya kama ni, na ƙara da cewa ƙwarya ta fura ce.

Kawu ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma shi kaɗai ya saurari labarin. Ya tambaye ni ko injin ya sauka a kan watan, na ce a'a, wucewa ya yi. Ya tambaya ko ya ɗebo ruwan, na ce a'a. Ya ce to da me suka san akwai shi? Na ce tsagar ƙanƙarar suka duba, da santsin bayanta, suka yi hasashe.

"Ashe aikina suke yi," in ji shi. "Sun kifa ƙwaryarsu ta yi gumi. Allah ya ba su sa'a, Malam, saura tono."

Tun ina rarrafe "ɗan nan" yake ce mini. Ran nan ya fara kirana Malam, ni kuwa don wauta na ɗauka girma ne.

A al'adar maginan rijiya, ramin da aka fasa, wanda ya tona shi ne zai cike shi da hannunsa, don in dabba ko mutum ya faɗa, alhakin a wuyansa yake. Kuma ramin da aka cike ba a sake buɗe shi, domin bangonsa ya riga ya saki, rufta wa mutum zai yi. Kowa a taron ya san haka, ni ma na sani. Washegari da safe Kawu ya ɗaura igiya ya sauka karo na ƙarshe. Ya ɗan jima, ya fito da dunƙulen ƙasa a hannu, ya zo inda nake tsaye da babur ya kama hannuna ya danƙa mini. Baƙa ce, mai sanyi, tana manne wa yatsu. Ya juya ya ɗauki kwando. Kwana biyu ya yi yana mayar da abin da ya yi wata biyu yana fitarwa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ni abin da na fara dubawa shi ne ko lakar ta ɓata mini hannun riga.

Injin burtsatsen ya zo, ba zan yi masa ƙarya ba. Kwana uku yana ruri a ƙofar mai gari, awaki suka gudu daji, farar ƙurar dutse ta rufe rumbuna. A rana ta huɗu masu injin suka ce haƙorinsa ya cinye, za su je Kano su dawo. Suka bar bututu tsayin gwiwa da murfin ƙarfe. Manyan ba su zo ba, jami'in ba mu sake ganin kwat ɗinsa ba. Dattawan hoto suka koma cewa dama su tun farko hankalinsu bai kwanta da mutumin ba. Bututun ya zama turken jakin mai gari, mata suka ci gaba da tonon yashi shekara da shekaru, cikinsu har da mahaifiyata.

Kawu bai sake kifa ƙwarya a ƙauyenmu ba. An je an ba shi haƙuri, ya ce wuri ɗaya ƙasar ta nuna masa, kuma ya rufe shi. Bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata wajen mahaifiyata ba. Na fi son a ce ya mare ni a gaban jama'a. Har yau in na ji wani mai farin yadi yana jawabi a kan ci gaba, raini ke cika mini ciki, don na san muryar, tawa ce.

Da tsufa ya kama shi, idonsa ya tafi, na je gaishe shi a zaure. Ina ta kame-kamen abin faɗa, sai shi ya tambaye ni labarin watan ƙanƙara, ashe bai manta ba. Na ce an sake aika wani injin, ya yi ta zagaya wurin, kuma alamun ruwan sun ƙara ƙarfi. Ya gyara zama, fuskarsa ta saki, ya ce dama tsaga ba ta yin banza. Sannan ya tambaya ko sun fara tono, na ce tukuna.

"To, ran da suka fara," ya ce, "kada su gaya maka, Malam."