Kaset Ɗin Baba Mai Kiɗa Ɗaya

Jiya a Bompai, wajen mai shayi, rediyo ta saki wani kiɗan jaz. Na ce da tsohon abokin aikina, "Kai, ga kiɗan Baba!" Ya dube ni. "Ba ka ji ba? Ai shi aka busa a jana'izarsa bara."

Bara? Ina Hotoro, yana Zawaciki, a rasa mai gaya mini!

Baba Kirista ne mutumin Filato, makanikenmu a kamfanin roba na Sharada kafin a rufe shi. Da hutun rana yakan kunna wani kaset, hannunsa duk baƙin mai. Gaba da baya kiɗa ɗaya ne, makaɗan ne kawai daban. Wani tsohon ɗauka ne mai shuu kamar ana suya, wani sabo fes, wannan da ƙaho, wancan da fiyano.

Wata rana na gaji. "Baba, ba ku da wani ne?"

Ya ƙwanƙwasa tebur da sifana. "Yaro, bar saman, saurari ƙasan. Sautukan ƙasa ba sa canjawa. Su faɗi magana, su maimaita, su fita yawo, su dawo gida. Kowa da irin yawonsa."

Na kasa kunne. Haka ne kuwa, har tsikar jikina ta tashi.

Jiya kiɗan yana tsakiyar yawo mai shayin ya canja tasha. Baba, Allah ya sa ku kun isa gida.