Jirgin Gunvor Ba Itacen Wuta Ba Ne

Shekara arba'in Gunvor na fama da jirgi ɗaya, ɗan ƙaramin jirgin katako mai filafili, zanen nan da iska ke turawa, da ta gada wajen mahaifinta. Yoyo kam yana yi, ba ta taɓa musu ba. Duk safiya sai ta tsoma yatsa a ruwan da ya taru a cikinsa ta lasa. In babu gishiri, ruwan sama ne, ta yi gaba. In da gishiri, ruwan teku ne ya shigo, ta ɗauko kwalta da auduga tana mita.

A ƙauyensu na gaɓar teku a ƙasar Norway, duk tsakiyar bazara akan hura ƙatuwar wuta, a ɗora tsohon jirgi a kai. Bana ido ya faɗa kan nata. Ya yi hunturu a rumfa, katakon ya bushe ya tsattsage har kana hango ƙasa ta tsakani. Ɗanta Eilif da bakinsa ya yi wa masu wutar alkawarin jirgin.

"Inna, shekararki saba'in da huɗu fa. Wannan ai kwando ne! Wata rana gawarki za mu tsamo."

"Kwandon ne ya kai ni asibiti ina naƙudarka, marar kunya."

Abin ya yi mata ciwo, don ta san tsoro ne ke damunsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ina! Saura kwana takwas, ta ja jirgin bakin ruwa, ta loda masa duwatsu, ta nutsar da abinta. Haka mahaifinta ke yi, busasshen katako ya sha ruwa ya kumbura, tsagar ta rufe.

Ranar wuta Eilif ya iso da ƙarti huɗu da igiya. Suka tarar ta kwashe duwatsun lokacin da ruwan teku ya janye, jirgin na yawo a sama, jiƙe sharkaf.

"Ku ɗauka mana," in ji ta. "In ya kama wuta, naku ne."

Ƙartin suka kalli juna, suka naɗe igiyarsu. Eilif ya shiga ya duƙa. Can ƙasa, ruwa na tsattsafowa ta bakin wani katako.

"Inna, har yanzu yana yoyo."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Ta ja filafili sama da ƙyar. "Tafiya zan yi. Sauka za ka yi, ko kwarfar ruwa?"

Ya dubi tsofaffin hannayenta. Sannan ya tuɓe takalmi, ya jawo bokiti.