Baba Kolo, Mai Sauraren Itatuwa

Shekara ashirin da bakwai ke nan, kowace safiya Baba Kolo yakan fito daga Toranke da 'yar taɓarya a kafaɗa, ya shiga dajin gari. Yakan tsaya gaban maɗaci ko marke, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kara kunne. In itacen ya amsa da nauyi, da ransa, sai ya wuce. In ya amsa kamar tulun da ba ruwa, ya bushe a tsaye ke nan. Busasshen kaɗai yake shafa wa jar ƙasa, dagaci ya ba da takarda, a sare. Wasu sun ce har sallama yake yi wa itatuwan. Ni dai ban musa ba.

Irin wannan katako da tsada, don sai an jira shi. Na sata kuwa ɗanye ne, ga araha. Ja'afar kafinta na kasuwar Gaya ya taɓa ce masa, "Baba, a sassauta mana. Mai sayen ƙofa farashi yake tambaya, ba takarda ba."

"Ƙofa nawa ta tanƙware maka?"

"Ko ɗaya."

"To je ka faɗa musu haka."

Bara, da rana tsaka, mutum huɗu suka shigo da injin yankan itace. Hure, mai tsintar ɗorawa, tana kallo daga nesa. Ta ce Baba ya zauna ya jingina da babban maɗacin da suka zo sarewa.

Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Tsoho, tashi, injin nan bai san mutum ba!"

Bai tashi ba. Da suka gaji suka juya, ɗayansu yana cewa, "Ba komai. Mun fi ka sauran kwana."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin kunnen Baba ya fara tafiya. Watan jiya ya shafa wa maɗaci mai rai jar ƙasa. Da ya gane, da kansa ya ɗebo ruwa ya wanke, ya koma gida ya jingine taɓaryar.

Baba Kolo, kai ne katangar da ba a gina da ƙasa ba. Kai ka ji tsoro, ka kuma zauna. Mun gode, Allah Ya saka maka da inuwar da ba ta gushewa.

Ku masu kunne, ku je ya koya muku tun yana iyawa. Ana jiyo kukan injin daga wajen Balan, kowane mako yana ƙara matsowa. Duk Toranke, Baba kaɗai ne ba ya ji.