Wasiƙar da Na Karanta wa Kaka a Bakin Bahar

Duk lokacin da iskar teku ta kaɗo mini warin gishiri haɗe da ƙamshin shayi mai na'ana'a, wata Juma'a nake tunawa a unguwar Ruwais ta Jidda. Ni mutum ne mai son a baje kaya a fili a ƙirga, don haka ga abin da ke hannu a ranar: takarda ɗaya, kwana tara kafin jirgin ruwan alhazai ya tashi, da ƙane ɗaya tak da ya rage wa kakana a duniya, yana kwance ba lafiya a ƙasar Hausa. Duk wannan aka ɗora a tafin hannun yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ni ne yaron.

Kakana da ƙafa ya zo. Shekara huɗu ya yi a hanya, yana ƙodago a gonakin mutane ta Sudan, har ya tsallako teku ya sauke farali. Ya ce zai huta kaɗan ya koma. Hutun nan ne ya kai shekara arba'in. A Jidda aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni.

Ba mu san wata shaƙatawa ba sai ta Juma'a. In an yi la'asar rana ta yi sanyi, mahaifiyata ta naɗe tabarmi, ta ɗauki buta da gawayi da soyayyar gyaɗa, mu taka zuwa bakin bahar, wato teku. A lokacin babu titi a wurin, yashi ne da kwale-kwalen masunta. Mata su zauna gefe guda, yara su faɗa ruwa. Kaka kuwa yana da abokai uku, duk irinsa, waɗanda suka zo hajji ba su koma ba. Su kan juya fuska yamma, wajen faɗuwar rana, don can gida yake.

Idon Kaka ya riga ya dushe, ni kuma ina makarantar gwamnati. Sai aka ɗora mini aiki: in karanta musu tsohuwar jarida da Larabci, in fassara da Hausa, sannan in tafi iyo. Sun raɗa mini suna Ustaz. Kaka na tsokanata, yana cewa, “Wannan ɗan Larabawan zai ƙwace mini mata da ilimi.” Amma da ka ji muryarsa ka san alfahari yake.

Ranar da nake ba ka labari, bai fito da jarida ba. Ya zura hannu aljihu ya zaro wata takarda da ta sha ninki da gumi. Wani alhaji ne ya kawo ta daga gida, ya bar ta wurin mai shayin unguwarmu. Kaka ya ƙi kai wa kowa. Ya ajiye ta har Juma'a don jikansa ya karanta a gaban abokansa.

“Yalla, Ustaz,” in ji shi. “Yau ba labarin sarakunan duniya za ka ba mu ba. Na gidanmu ne.”

Na buɗe. Na gane bisimilla, na gane sallama. Daga nan komai ya tsaya. Ajami ne, Hausa da baƙaƙen Larabci, da rubutun allo mai kauri irin na can. Ba a koya mana shi a makaranta ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin tambayata. Su a wurinsu karatu karatu ne.

Tsofaffi huɗu sun zuba mini kunne. Daga bayana ina jin ihun sa'o'ina a cikin ruwa. Kalma uku ce za ta fitar da ni: ban iya ba. Na kasa furta ta. Na sha jin ana karanta wasiƙun gida, kuma duk hanyarsu ɗaya, sai na bi hanyar. Na ce ƙaninsa na gaishe shi da gaisuwa mai yawa. Na ce damina ta yi kyau, gero ya yi. Kowa lafiya, sai kewa. Har ina bin layi da yatsa, ina ɗan tsayawa kamar mai nazari.

“Bai ce komai kan ciwon ƙafarsa ba?” Kaka ya tambaya.

“Ya ce da sauƙi.”

“Alhamdu lillahi.” Ya shafa kaina. Ɗaya daga cikin abokansa ya cika mini hannu da gyaɗa. Na cire riga na ruga ruwa.

Bayan wata biyu wani malami Bahaushen Sudan, aminin Kaka, ya dawo daga Madina ya zo gaishe shi da hantsi. Kaka ya miƙa masa takardar, don kawai ya sake jin daɗinta. Ina tsakar gida ina ji. Malamin ya karanta a hankali. Ƙanin ya ce ciwo ya kwantar da shi, ba ya zaton zai ga wata damina. Ya ce mai kawo takardar zai zauna a masaukin alhazai kusa da tashar jirgi har ranar tashi, kuma 'yan'uwa sun shirya da shi ya taho da Kaka, ya riƙe hannunsa har gida. “Ka zo mu ga juna kafin ƙasa ta rufe ido.”

Mahaifina ya miƙe neman bulala. Kaka ya ce ya zauna. Ya kira ni, ya laluba ya kama wuyan hannuna.

“Ba ka iya ba ne, ko ɓoye mini ka yi?”

“Ban iya ba, Kaka.”

Sai ya ce, “To, da ka faɗa. Masu iyawa sun fi goma a unguwar nan.” Ya sake ni. Ya juya wajen mahaifina ya ce, “Mu muka kai shi ya koyi na mutane, ba mu koya masa namu ba. Halas, magana ta ƙare.”

Hajjin da ya zagayo aka kawo labarin rasuwar. Mun ci gaba da fita bahar, ina karanta jarida, yana saurare. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma sake kirana Ustaz ba. Da ya bari an dake ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Yau na tsufa cikin saye da sayarwa. Na fara da tire a ka, na kai ga shaguna a unguwar Bagdadiyya. Abokan ciniki sun san ni da abu guda: in ban san kaya ba, nakan ce ban sani ba, ko da ciniki zai wuce ni. Suna ɗauka halina ne tun haihuwa. Ba su san inda na koyo shi ba. Wurin da muke shimfiɗa tabarma an cike shi da ƙasa, motoci ke gudu a kai. Jikokina ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, ba na kuma yi musu faɗa, don na san ta inda abin ya fara.

Na yi cinikin da na ci, na yi wanda na faɗi, duk na manta yawancinsu. Wannan ne kaɗai nake sake aunawa. Abin da na samu: awa guda a cikin ruwa, da yabon tsofaffi huɗu. Abin da aka biya: 'yan'uwa biyu ba su sake ganin juna ba. Kuma ba ni na biya ba.