Kiyashin Baba

Mun tashi da asuba daga Kachia za mu asibiti a birni, ni da Baba, a wata tsohuwar mota mai cin mutum bakwai da aka cusa mu tara. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai silifas. Yayansa a kan wankin ƙoda ya rasu, shi ya sa duk na kalli ƙafafun nan sai gabana ya faɗi.

Baba ya daɗe da ciwon suga. Watannin baya likita ta sauya masa magani, ya ɗan sha, ya ajiye ba wanda ya sani. Sai da muka wuce Kujama ya raɗa mini dalili: tun da ya fara sha, kiyashi ke taruwa inda ya yi fitsari. Da kiyashin nan aka gane ciwon yayansa, don haka a ganinsa maganin ƙara masa ciwo yake yi. Na so in yi faɗa, tausayi ya hana ni.

A Mararrabar Rido tankokin mai sun cinye rabin titi, muka yi ta rarrafe har Mahuta. Masu tallar rake suka kewaye mu. Baba ya bi su da ido, na harare shi, ya ce ai ba a hana shi kallo ba. Muka sauka a unguwar Television, keke mai ƙafa uku ya ƙarasa da mu asibiti.

Likitar, wata ’yar Filato, ta saurare shi har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

“Baba, ai aikin maganin ke nan. Sugan da ya yi yawa a jini yake fitarwa ta fitsari. Kuma yana rage wa ƙoda wahala, yana kare zuciya.”

“Wato ni nake ciyar da kiyashin?”

“Kai ne, Baba. Ka dai riƙa shan ruwa, ka kula da tsafta.”

Gwaji ya nuna ƙodar ta ɗan taɓu, amma ba mu makara ba. Na yi ajiyar zuciya.

Mun iso gida bayan la’asar. Abin da na koya, tsoho ba ya ajiye magani a banza. Ni ne ban taɓa zama na tambaye shi ba.

Bayan kwana uku ya kira ni bayan ɗaki, yana nuna mini kiyashi da sanda.

“Ga su nan sun dawo. Kar ka share. Gara su sha da ƙodata ta sha.”